Pontiac GTO: Tarihin da Mai Gyaran Tsohuwar Mota Ke Saya Tare da Tsatsarta

A farkon shekarar 1963, a filin gwajin motoci na kamfanin General Motors da ke Milford a jihar Michigan ta Amurka, wasu injiniyoyin sashen Pontiac suka ɗaga samfurin wata matsakaiciyar mota mai suna Tempest suna duba ƙarƙashinta. Ɗaya daga cikinsu, Bill Collins, ya lura cewa babban injin nan na manyan motocin kamfanin, mai silinda takwas da girman lita 6.4, zai zauna daram a mazaunin ƙaramin injin da aka tanada, domin daga waje girmansu ɗaya ne. Babban injiniya John DeLorean ya ce a gwada. Abin da ya fito daga wannan gwaji shi ne GTO, motar da masu tarihi da yawa ke ɗauka a matsayin uwar jinsin da Amurkawa suka yi wa laƙabi da motoci masu ƙwanji, wato ƙaramin jiki ɗauke da ƙaton inji, a farashin da matashi mai aikin yi zai iya biya.

Duk wanda ya jawo irin wannan mota daga wata rumfa a yau da niyyar gyara ta da hannunsa karon farko, zai tarar da cewa kusan kowace wahala da ke jiransa tana da asali a tarihin yadda aka haifi motar da yadda aka kashe ta.

An haifi GTO ne ta bayan gida. A wancan lokaci shugabannin General Motors sun hana sassan kamfanin shiga tseren motoci, kuma suna da doka ta cikin gida cewa matsakaiciyar mota ba za ta ɗauki injin da ya wuce lita 5.4 ba. DeLorean da maigidansa Pete Estes suka gano cewa dokar ta yi magana ne a kan injin da mota ke fitowa da shi na asali, ta yi shiru a kan kayan ƙari da mai saye ke zaɓa. Saboda haka a 1964 babu wata mota mai zaman kanta da ake kira GTO. Mutum zai sayi Tempest LeMans, ya ƙara kusan dala 296, sai a sa masa babban inji mai ƙarfin doki 325, da salansa biyu, da tayoyi masu faɗi, da tambarin haruffa uku da aka aro daga wata motar tsere ta Ferrari. Sashen ciniki ya yi hasashen sayar da guda 5,000. Aka sayar da 32,450 a shekarar farko. A 1966, lokacin da ta zama samfuri mai cin gashin kansa, adadin ya kai 96,946.

Tun a jego aka fara yi wa jama'a rufa-ido da ita. A watan Maris na 1964 mujallar Car and Driver ta buga sakamakon gwajin GTO da gudun da ya ba kowa mamaki. Bayan shekaru fiye da talatin, Jim Wangers, mutumin da ya jagoranci tallar motar, ya amsa a littafin tarihin rayuwarsa cewa motar da aka auna gudunta tana ɗauke da inji mafi girma, mai lita 6.9, wanda ido ba ya iya bambanta shi da na gaskiyar.

Ford da Chrysler da sauran sassan General Motors suka bi sahu. Plymouth ta fito da Road Runner a 1968, Chevrolet ta kai injin Chevelle ƙarfin doki 450 a 1970. Sai dai a daidai wannan ƙololuwa ƙasa ta fara zamewa. Kamfanonin inshora, da suka ga yawan haɗurran matasa, suka ɗora ƙarin kuɗi mai nauyi a kan duk motar da ƙarfin injinta ya yi wa nauyinta yawa. Majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar tsaftar iska ta 1970, wadda ta tilasta rage hayaƙi. Na'urar tace hayaƙin da za a fara sawa a 1975 ba ta jure wa darmar da ake zubawa a fetur, shi kuwa fetur maras darma na lokacin ba ya ɗaukar matsi mai yawa a cikin silinda. Don haka General Motors ta rage matsin injunanta tun daga motocin 1971, ƙarfi kuma ya ragu tare da shi. Cinikin GTO ya faɗo daga kimanin 40,000 a 1970 zuwa kimanin 10,500 a 1971. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka ɗanyen mai, farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12, kuma a Janairun 1974 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a mil 55 cikin sa'a. A wannan shekarar aka sayar da GTO 7,058 kacal, aka rufe babinta.

Shekarun da suka biyo baya su ne suka cinye mafi yawan motocin. Mota mai shan mai kamar rariya ta zama kayan talaka da ɗalibi, ana sayen ta da araha, a more ta, a jefar. Masana'antun Detroit ba su ƙera ta don ta shekara hamsin ba. Ƙarfen jikinta ba shi da rufin kariya irin na motocin yau, jihohin arewa kuma suna watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara. Ruwa kan kwanta a gefen gilashin baya ya huda ƙarfe, ya sauka cikin but ya ci ƙasansa. Wannan ne ya sa masu neman tsohuwar mota suke fifita wadda ta yi rayuwarta a busassun jihohi irin su Arizona da Kaliforniya.

A shekarun 1980 al'amarin ya juya. Samarin da suka yi sha'awar motocin a 1966 sun kai shekara arba'in, aljihunsu ya yi nauyi, suka koma neman abin da ya wuce su. Kamfanoni irin su Year One, wanda aka kafa a 1981, suka fara tattara ragowar kayan gyara daga rumbunan dillalai, daga baya aka shiga ƙera sababbi a kan siffar tsofaffin. Kasuwannin gwanjo irin na Barrett-Jackson a Scottsdale suka mayar da abin ciniki na manyan kuɗi. Da kuɗi suka shigo, sai tsohuwar dabarar DeLorean ta dawo a matsayin matsala. Tunda GTO ta 1964 da 1965 kayan ƙari ce a kan LeMans, lambar shasinta ba ta nuna ko ita ce ko ba ita ba ce. Duk mai LeMans da ya sami inji da tambari zai iya haɗa tasa, ya sayar da ita a farashin ta gaskiya. Sai daga 1966 lambar ta fara da 242, alamar da ke tabbatar da asali.

Abin da ya cece masu saye daga cinikin biri a sama shi ne takarda. Pontiac ta adana bayanan motocin da ta tura wa dillalai, kuma wata cibiya mai suna Pontiac Historic Services, wadda Jim Mattison ya kafa, tana ba mai mota kwafin takardar da ke nuna abin da masana'anta ta sa a cikinta ranar da ta fito. Masu Ford suna da makamancin haka a rahoton Marti. Masu motocin Chrysler kuwa sukan laluba ƙarƙashin kujerar baya, inda ma'aikata kan cusa takardar haɗa motar su bar ta. Daga 1968 aka riƙa buga wani ɓangare na lambar shasi a jikin inji, shi ya sa motar da lambobinta suka dace da juna take fin 'yar'uwarta daraja. Sabon mai sha'awa da ya biya kuɗi kafin ya nemi waɗannan shaidu yana iya kashe shekara uku yana gyara motar da ba ita ya zata ba.

Bayan takarda sai ƙarfe. Masu sabon hannu sukan tsorata da inji, alhali inji ne mafi sauƙi: babu kwamfuta a cikinsa, kafireta ce da fulogi, kuma kayansa suna nan a kasuwa. Jiki ne ke cin dukiya. Fenti mai sheƙi yakan ɓoye ƙullun cike rami da wani ya shafa shekaru talatin da suka wuce, shi ya sa gogaggu ke yawo da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa sun san babu ƙarfe a wurin. Yanke ruɓaɓɓen ƙarfe da walda sabo da daidaita ƙofofi aiki ne na sa'o'i ɗaruruwa, kuma a nan ne mafi yawan ayyukan sababbin shiga ke tsayawa. Kasuwar tana cike da motocin da aka warware aka zuba a kwalaye, mai su ya gaji ya sa su a kasuwa da asara. Waɗanda suka kai gaci galibi su ne suka ɗauki hoton kowane ɓangare kafin su kwance shi, suka sa kowane noti a leda da sunansa, suka fara da gyaran birki da tayar da inji kafin su taɓa fenti.

Dokokin da suka kashe motar ma suna nan suna bibiyar mai gyaranta. An haramta fetur mai darma a titunan Amurka gaba ɗaya a 1996, saboda haka masu sake haɗa tsohon inji sukan sa mazaunin bawul mai tauri, domin darmar ce take kare shi a da. Fetur na yau yana gauraye da sinadarin etanol, wanda ke cin tsofaffin robobin bututun mai. GTO ta farko tana da birkin ganga a ƙafafu huɗu da layin man birki guda ɗaya, wanda idan ya fashe babu abin da zai tsayar da ita. Layi biyu ya zama dole ne a ƙarshen shekarun 1960. Mai gyara sai ya zaɓa: ko ya bar ta yadda masana'anta ta yi domin masu tantancewa a wuraren baje koli, ko ya sauya birkin domin iyalin da zai ɗauka a ciki. Daga wannan zaɓi ne masu sha'awar suka rabu gida biyu, masu bin asali har zuwa alamun alli da ma'aikata suka zana a shasi, da masu barin tsohon jiki a kan sabon inji da sabon birki.

Daga baya gida na uku ya bayyana, na masu cewa kada garin neman gira a rasa ido. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Ford Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. Wani mutumin New Jersey ya saye ta a 1974, ya ƙi sayar wa McQueen da kansa lokacin da ya rubuto yana nema a 1977, daga baya motar ta shafe shekaru da dama a ajiye. Iyalinsa suka tayar da injin, suka bar fentin da ya dushe da lotsawar jikin yadda suke. A watan Janairu na 2020 aka sayar da ita a gwanjon Mecum a Kissimmee ta jihar Florida kan dala miliyan 3.74.

General Motors ta rufe sashen Pontiac a 2010, bayan durƙushewar tattalin arzikin da ta kai kamfanin gaban kotu a 2009. Tun daga lokacin babu dillali ko masana'anta da ke da alhakin GTO. Adadin da ya rage yana hannun ƙungiyoyin masu ita, da ƙananan kamfanonin da ke buga mata sabon ƙarfe, da mutanen da ke kwance a ƙarƙashinta ranar Asabar da fitila da sifana, suna karanta littafin gyaran da aka buga a 1964.