Gobarar Landan da Rigimar Wa Zai Gyara Gida

'Yan'uwana mata, duk wadda gobara ba ta taɓa shiga gidanta ba, Allah Ya ci gaba da kiyaye ta. Ni ta shiga nawa a wani hunturu, kuma ba wani abu ya jawo ta ba illa hita da na saka a bokiti aka ɗauke wuta, na kwanta na manta, cikin dare aka dawo da wutar. Kafin 'yan kwana-kwana su iso ɗakuna biyu sun tafi, da silin, da gado, da akwatunan lefena, har da littafin da nake rubutawa wanda saura babi uku in gama. Rai dai bai salwanta ba, alhamdu lillahi. Wutar ba ta fi awa biyu ba, amma rigimar da ta bar mana sai da muka yi wata bakwai muna cikinta.

Gidan haya muke. Kwana uku da gobarar, 'yan jaje ba su gama watsewa ba, sai ga mai gidan ya zo ya ce wa maigidana: "Malam, ai kun san yadda na ba ku gidana, haka nake so ku mayar mini da shi." Ga kuma kamfanin inshora da maigidana ya yi wa kayan ɗakinmu rajista shekarun baya, sun turo mutum da biro da takarda yana neman rahoton 'yan sanda, da na 'yan kwana-kwana, da rasitin kowane kaya. Na ce masa, bawan Allah, rasitin ai yana cikin sif ɗin da ya ƙone! A bakin mutumin nan na fara jin cewa inshorar gobara daga wata gobara da aka yi a Landan ta samo asali. Da hankalina ya kwanta sai na nemi labarin na karanta, kuma wallahi sai na ga kamar mu ake ba da labari.

A daren Lahadi 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi, Thomas Farriner, a wani lungu da ake kira Pudding Lane. Landan ta wancan zamani yawancin gidajenta na katako ne, a manne da juna, lungunan kuma matsattsu. An daɗe ba a yi ruwan sama ba, ga iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga gabas, kin ga kuwa ai kamar hunturun Kano. Dabarar kashe wuta a lokacin ita ce a rushe gidajen da ke gabanta don ta rasa abin ci. Aka taso magajin garin, Thomas Bloodworth, aka ce ya ba da izini, sai ya yi ta jan ƙafa, don masu gidajen ba sa nan, kuma yana tsoron wa zai biya. Ki lura da wannan, 'yar'uwa: wuta tana ci, ana tunanin wa zai biya.

Kwana huɗu tana ci. Ta lashe gidaje wajen 13,200 da coci-coci 87, har da babbar majami'ar St Paul's. Dubban mutane suka koma kwana a fili, a wani wuri da ake kira Moorfields, kowa ya tasa ɗan abin da ya tsira da shi a gaba. Akwai wani ma'aikacin gwamnati, Samuel Pepys, mai rubuta abin da ya faru da shi kullum, shi da ya ga wuta na matsowa sai ya haƙa rami a lambu ya binne cukunsa mai tsada. Da na karanta sai da na yi dariya, don ni ma abin da na fito da shi a ruɗe ranar tamu gobarar, bayan yara, tukunyar miya ce.

Sai kuma neman wanda za a ɗora wa laifi. Aka yi ta dukan baƙi a titi ana cewa su suka sa wutar. Wani Bafaranshe mai suna Robert Hubert ya ce shi ne, aka rataye shi, daga baya aka gano ashe lokacin da wutar ta tashi bai ma sauka Landan ba. Ni ban sha duka ba, amma na sha habaici daga dangin miji har na gode Allah.

To inda labarin ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo baya. A lokacin babu inshorar gobara, wanda gidansa ya ƙone ya ƙone ke nan. Galibin mutanen kuma 'yan haya ne, kuma takardar hayarsu ta ce gyaran gida a wuyan ɗan haya yake. Wato a doka, mutumin da ya rasa komai shi zai sake gina gidan wani, kuma ya ci gaba da biyan haya a kan toka. Masu gidaje suna cewa a bi takarda, 'yan haya suna cewa da me? Da an bar su da kotunan da aka saba, da shari'a ta cinye shekaru gari yana kango.

Sai majalisa ta kafa kotu ta musamman, Kotun Gobara, ta fara zama a 1667. Alƙalai 22 aka ba aikin, kuma ba su karɓi ko kwabo ba. An ba su ikon su sauya sharuɗɗan takardar haya idan adalci ya buƙaci haka. Abin da suka fi dubawa shi ne, a cikin mutanen nan biyu wa ke da halin gini yanzu? Idan ɗan haya ne, sai a ce ya gina, a rage masa kuɗin haya, a kuma ƙara masa shekarun zama. Idan ba shi da hali, sai ya sallama gidan, mai gida ya gina kayansa, ba wanda ke bin wani. Sau da yawa a zama ɗaya ake gamawa. Don godiya, hukumar birnin ta sa aka zana hoton alƙalan nan. A shekarar 1667 ɗin kuma aka yi dokar cewa sabon gini sai da jan bulo ko dutse.

Wannan hukunci shi ne kusan abin da mai unguwarmu ya yanke mana, shi da bai taɓa jin sunan Kotun Gobara ba. Ya zaunar da maigidana da mai gidan haya a zaure, ya ce: "Alhaji, in ka ce sai sun biya yau, ba su da shi, gidanka kuma damina za ta same shi a buɗe." Aka tsaya a kan mu za mu sayi kwano da katako mu biya kafinta da birkila, shi kuma ya yafe mana hayar shekara biyu, kuma ba zai tashe mu ba a cikinsu. Aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Ba wanda ya fita yana murna, amma an yi rufi kafin ruwan farko.

Mu koma Landan. Wani likita da ya koma harkar gine-gine, Nicholas Barbon, shi ya ga kasuwa a cikin tsoron da gobarar ta bari a zukatan mutane. Wajen 1680 ya buɗe ofishin inshorar gidaje: ka riƙa biyan ɗan abu kaɗan, in gidanka ya ƙone a biya ka ko a gina maka. Mai gidan katako yana biyan ninki biyu na mai jan bulo, tun da nasa ya fi saurin kamawa. Wasu kamfanoni suka biyo baya, irin su Sun Fire Office a 1710, kowanne da 'yan kwana-kwanansa, suna kafa ɗan tambarin ƙarfe a bangon gidan da ya yi rajista da su. Ba tausayi ne ya kawo abin ba, ciniki ne, kuma har yau a kan lissafi yake tafiya. Masu ƙyamar irin wannan inshora saboda addini, akwai ta Musulunci da ake kira takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979, inda masu rajista ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Lissafin nan shi ya ci mu. Inshora ba ta biyan ki don ki ci riba, mayar da ke take yi inda kike kafin asara, kuma gwargwadon abin da kika rubuta. Misali, kayanki sun kai na naira miliyan biyu, kika yi rajistar miliyan ɗaya, wuta ta ci na dubu 800. To dubu 400 za a ba ki, don sun ɗauka rabin haɗarin ke kika riƙe wa kanki. Maigidana tun ranar da ya yi rajistar bai sake ƙara adadin ba, alhali farashin katifa kaɗai ya ninka. Laifinmu ne ta nan. Amma su ma da mai tallarsu ya zo yana zaƙin baki, bai taɓa buɗe wannan shafin ya karanta mana ba, kuma ni har yau ina riƙe da wannan a raina.

Batun rasiti kuwa, hotunan bikin sunan ɗiyata ne suka cece mu. Ƙanwata tana da su a wayarta, ga gado, ga sif, ga firij duk sun fito a bayan mata. Da su da takardar da wani mai kanti ya sake rubuto mana aka yarda da yawancin kayan. Atamfofi da leshina an yi musu kuɗin tsofaffi, wai an riga an sa su. Littafina kuwa mutumin ya juya biro ya ce: "Hajiya, wannan sai dai kuɗin takarda." Bayan wata bakwai kuɗi suka fito, suka ishe mu katifa biyu, da silin, da sake jan waya. Littafin na sake rubuta shi daga ka a ɗakin mahaifiyata, inda yanzu nake ajiye kwafin takardun gidanmu cikin tsohuwar kwallarta.