Palmas: Kuɗin da Aka Hana Barin Unguwa

A shekarar 1973 hukumomin birnin Fortaleza, a arewa maso gabashin Birazil, suka kwashe iyalai talakawa daga unguwannin bakin teku, inda filaye suka fara daraja, suka jibge su a wata fadama can gefen gari. Wurin ba ruwan famfo, ba lantarki, ba makaranta, ba hanyar mota. Aka sa masa suna Conjunto Palmeiras. Mutanen suka kafa bukkoki da katako da laka, damina na zuwa ruwa ya malale musu ɗakuna.

Sun shafe sama da shekara ashirin suna mayar da fadamar nan gari. A 1981 suka kafa ƙungiyar mazauna unguwa mai suna ASMOCONP. Da zanga-zanga da aikin gayya suka samu ruwa da wuta a ƙarshen shekarun 1980, sannan a farkon shekarun 1990 suka haƙa babbar magudanar ruwa da tallafin gwamnatin Jamus. Bukkoki suka zama gidajen bulo.

A nan ne nasarar ta juyo musu da baya. Da ƙungiyar ta zauna taro a 1997, sai ta tarar cewa waɗanda suka gina unguwar da guminsu sun fara sayar da gidajensu suna komawa wasu kangayen da ba komai. Dalilin a fili yake. Ruwan famfo ya zo da takardar biya, wuta ta zo da tata, haraji ya biyo baya, alhali aljihun mai gida bai ƙaru da ko sisi ba. Gidan da aka mallaka kyauta ma yana iya fin ƙarfin mai shi, muddin zama a cikinsa na cin kuɗin da ba ya samu.

Shugabannin ƙungiyar, ciki har da Joaquim Melo, wanda ya zo unguwar yana ɗalibin koyon aikin limancin coci ya kuma zauna, suka bi gida gida suna tambayar mutane abin da suke saye da inda suke saye. Sakamakon ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na cefanen mazauna a wajen unguwar ake yin sa. Ashe kuɗi na shigowa, sai dai ba ya kwana. Albashin mai wanki ko lebura yakan shigo da yamma, gari na wayewa ya koma kantunan tsakiyar birni.

A watan Janairun 1998 suka buɗe Banco Palmas da jarin real 2,000 kacal, rance daga wata ƙungiyar agaji. Bankin ya fara da ƙananan basussuka ga masu sana'a, da katin sayen kaya bashi a shagunan unguwa. Ba a neman jingina ko takardar albashi; maƙwabta ake tambaya ko mutum mai cika alkawari ne, kamar yadda adashi ke tafiya bisa sanin juna. Daga shekarar 2000 kuma aka fara gwada takardar kuɗi ta unguwa, wadda ta zama Palmas.

A lokacin da takardar ke yawo, tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Palmas ɗaya daidai yake da real ɗaya, kuma kowace takarda da aka fitar akwai real ɗinta ajiye a banki. Ba ta aiki sai a shagunan da suka yarda da ita, yawancinsu kuwa sukan yi ragi ga mai biya da ita. Bashin cefane da Palmas ake ba da shi, ba ruwa; bashin jari da real ake bayarwa, da ruwa kaɗan. Ɗan kasuwar da ke bukatar saro kaya daga waje yana iya canza Palmas ɗinsa zuwa real. Ta haka kuɗin da ya shiga hannun mai burodi yakan wuce ga tela, daga tela zuwa magini, kafin ya samu ƙofar fita. Bankin ya kuma ba da rancen gyaran gida, wanda ke ƙarewa a hannun magina da masu sayar da kayan gini na unguwar.

Hukuma ba ta yi maraba da abin da farko ba. Babban Bankin Birazil ya kai ƙara bisa zargin buga kuɗin jabu, kotu ta yi watsi da zargin. Bayan an kafa sakatariyar ƙasa ta tattalin arzikin taimakon juna a 2003, ƙarƙashin masanin tattalin arziki Paul Singer, gwamnati ta koma mai goyon baya. Bankunan unguwa irin wannan suka haura ɗari a faɗin ƙasar, a 2013 kuma garin Maricá ya fito da nasa kuɗin, Mumbuca, wanda ake biyan tallafin talakawa da shi.

Bai kamata a ɗora wa takardar abin da ba ta yi ba. Yawan Palmas da ke yawo bai taɓa zama babban kaso na cinikin unguwar ba, kuma daga 2015 hada-hadar ta fara komawa wayar hannu. Abin da ya riƙe tsarin shi ne ƙungiyar da ta riga ta yi shekara goma sha bakwai tana aiki kafin a buɗe bankin, da bashin da ke isa ga wanda manyan bankuna ba sa kallo. Takardar ta zo ne ta ɗaure alkawarin da mutane suka riga suka yi wa juna.

Masu tsara gidaje masu araha sukan ƙirga bulo da kwano da farashin fili. Tarihin Palmeiras ya ƙara musu wani lissafi: bayan an miƙa makulli, daga ina mai gidan zai riƙa samun abin biyan ruwa da wuta, kuma wa zai sayi abin da yake sayarwa? Idan ba a amsa wannan ba, unguwar za ta gyaru, amma baƙi ne za su zauna a cikinta.