Kiɗan Masana'antu: Yadda Gardama Ta Zama Gadon Masoyansa

A watan Agustan 2013, ana saura 'yan kwanaki sabon kundin ƙungiyar Nine Inch Nails mai suna Hesitation Marks ya shiga kasuwa, aka saki ɗaya daga cikin waƙoƙinsa, "Everything". Waƙa ce mai sauri, mai sauƙin bi da baki, muryar Trent Reznor a cikinta kamar ta wanda ya tashi da safe cikin walwala. Nan da nan masoyan ƙungiyar suka yi ca. Wasu suka ɗauka zolaya ce, wasu suka ce mutumin ya tsufa, ya yi aure, ya samu kuɗi, wutarsa ta mutu. Dama akwai wani haushin a ƙasa: kundin zai fito ne a hannun Columbia, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin faifai, alhali shekara shida kafin nan Reznor ya yi shelar cewa ya rabu da irin waɗannan kamfanoni.

Wanda bai san wannan kiɗa ba zai yi mamaki: ta yaya mutane za su yi fushi don mawaƙinsu ya yi waƙa mai daɗi? Amsar tana can baya, a Ingila ta tsakiyar shekarun 1970.

A 1975 wasu mutum huɗu, Genesis P-Orridge da Cosey Fanni Tutti da Chris Carter da Peter Christopherson, suka kafa ƙungiyar Throbbing Gristle. Biyun farko sun fito ne daga wata ƙungiyar 'yan wasan tayar da hankali da aka fara a garin Hull, sannan suka koma unguwar Hackney ta birnin Landan. Lokacin masana'antun Ingila na durƙushewa, yajin aiki ya yi yawa, matasa ba aikin yi. Su waɗannan huɗun ba su yi niyyar sanyaya zuciyar kowa ba. Sun haɗa kaset-kaset da suka yanka suka liƙa, da na'urorin da Carter ke ƙerawa da hannunsa, da ihu, da wata ƙara mai kama da ta injin markaɗe idan ya kama tsakuwa. Bayan wani baje-koli da suka yi a cibiyar fasaha ta ICA a 1976, wani ɗan majalisar dokoki, Nicholas Fairbairn, ya kira su masu rusa wayewar kai, su kuwa suka ɗauki zagin tamkar lambar yabo. Kamfanin da suka kafa don fitar da faifansu suka sa masa suna Industrial Records, daga nan kiɗan ya samo sunansa na kiɗan masana'antu. Faifansu na farko, wanda ya fito a 1977, kwafi 785 kacal aka fara bugawa.

Wannan adadi ya isa ya nuna irin jama'ar da ta taru a kansu. 'Yan tsiraru ne, suna ganin kansu zaɓaɓɓu, suna alfahari da cewa abin da suke saurare maƙwabta ba za su iya jure shi na minti biyu ba. Kuma tun a lokacin mawaƙan sun fara wasa da hankalin masoyan nasu. Kundinsu na 1979, 20 Jazz Funk Greats, an yi masa bango mai hoton su huɗun cikin shiga ta kamala a kan ciyawa da furanni, kamar faifan da za a saya wa tsohuwa, alhali wurin da aka ɗauki hoton, Beachy Head, gaɓar dutse ce da ta yi ƙaurin suna wajen masu faɗawa su hallaka kansu. A cikin kundin kuma har da kiɗan da za a iya taka rawa da shi. Ke nan saɓa wa abin da mai saurare ke tsammani yana cikin jinin wannan kiɗa tun ranar suna.

A Barlin ta Yamma, daga 1980, ƙungiyar Einstürzende Neubauten ta Blixa Bargeld ta ɗauki maganar masana'anta a zahirinta: tarkacen ƙarfe, guduma, injin huda kankare. A 1984 wasu daga cikinsu sun yi wasa a wannan ICA ɗin dai, suka shiga huda dandamalin da suke tsaye a kai, aka tsayar da wasan bayan kimanin minti ashirin.

Amurka ce ta sa wa abin jita, ta kai shi kasuwa. A Chicago akwai wani shagon faifai, Wax Trax!, na Jim Nash da Dannie Flesher, wanda ya rikiɗe ya zama kamfani, ya zama matattarar masu wannan kiɗa. A nan Al Jourgensen, haifaffen Habana ta ƙasar Kyuba, ya fara da ƙungiyarsa Ministry a 1981. Labarin Ministry shi kaɗai ya isa littafi a kan gardamar masoya. Kundinsu na farko, With Sympathy na 1983, kiɗan rawa ne mai laushi irin na gidajen disko, kuma Jourgensen ya shafe shekaru yana tsine masa, yana cewa kamfanin Arista ne ya tilasta masa. Da ya juya ya ɗauki jita mai tsawa da gangunan inji a kundin 1988, wasu tsofaffin masoya suka watse, sababbi suka cika wurin. Psalm 69 na 1992 ya kai su ƙololuwa. Sai a 1996 ya fito da Filth Pig, ya rage gudu, ya rage na'ura, kiɗan ya yi nauyi yana jan ƙafa. Waɗanda suka zo don gudun suka ji an yaudare su, kuma shi kansa Jourgensen ya sha faɗa cewa mutane sun tsani kundin.

Amma wanda ya fi kowa shan wannan ruwa shi ne Reznor, don shi ne ya fi kowa nisa da shi. An haife shi a 1965 a jihar Pennsylvania, ya koyi fiyano tun yana yaro, ya samu aiki a wani situdiyo a Cleveland inda yake taimaka wa injiniya yana kuma share-share. Da dare, idan ba kowa, sai ya naɗi nasa waƙoƙin shi kaɗai. Daga nan Pretty Hate Machine ya fito a 1989. Yau masoya na ɗaukar wannan kundi tamkar tushe mai tsarki, amma a lokacinsa 'yan gani-kashe-nin kiɗan masana'antu sun raina shi. A wurinsu Reznor ɗan koyo ne da ya ɗebi ƙarar Ministry da ta Skinny Puppy ta Kanada ya zuba mata sukari, ya sa baiti da amshi, ya rera kukan soyayya a kai. Gaskiyarsu ta wani fanni, don abin da ya yi ke nan, kuma shi ya sa miliyoyi suka saya.

The Downward Spiral na 1994 ya rufe bakin da yawa daga cikinsu. An naɗi akasarinsa a gidan da aka kashe 'yar fim Sharon Tate a 1969 a Los Angeles, kuma labari ne na mutumin da ke gangarawa zuwa halaka mataki-mataki. Ya shiga jerin Billboard a matsayi na biyu. A wannan shekarar ƙungiyar ta hau dandamalin bikin Woodstock dumu-dumu da taɓo, aka haska ta a talabijin, Reznor ya wayi gari sananne a duk faɗin Amurka. Matasa da yawa da ke fama da ƙunci suka riƙe kundin a matsayin abokin hira, kuma daga nan matsalar ta samo asali: sun ɗaura soyayyarsu a kan baƙin cikin mutum ɗaya, wanda a bayan fage giya da ƙwaya ke cinsa.

Shekara biyar aka yi ana jiran na gaba. Da The Fragile ya fito a Satumban 1999, faifai biyu ne, waƙa 23, fiye da minti ɗari, da yawansu ba baki sai kiɗa. Ya shiga a matsayi na ɗaya, mako na gaba ya faɗo zuwa na 16. Mujallar Spin ta zaɓe shi kundin shekara, Pitchfork kuwa ta ba shi maki 2.0 cikin 10. Masu saye da yawa sun yi ƙorafin tsawo da rashin waƙar da za a riƙe. Abin dariyar shi ne, a 2017 da aka sake buga kundin, Pitchfork ɗin nan dai ta ba shi 8.7, kuma a yau idan ka tambayi riƙaƙƙun masoyan ƙungiyar, da yawa shi za su ce maka ya fi duka. Waƙoƙin kuwa su ne dai na 1999.

Reznor ya daina shaye-shaye a 2001, ya dawo da With Teeth a 2005, mai gajerun waƙoƙi da ganguna na hannu, har mai ganga Dave Grohl ya buga wasu. Sai ga sabon ƙorafi, wanda a ganina shi ne mafi muni a duk tarihin nan: wai ya fi iya waƙa lokacin da yake cikin maye. Ana faɗar haka cikin raha, amma ma'anarsa ita ce an fi son mutum ya ci gaba da mutuwa a hankali don kiɗa ya yi armashi. Waɗanda suka yi wa The Fragile tsaki kuma su ne yanzu ke auna sabon kundin da shi. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, sai dai waɗannan ko baran ma ba su ji daɗinta ba sai da ta wuce.

Abin da ya bambanta Reznor da sauran mawaƙa shi ne yadda ya amsa. Maimakon ya toshe kunne, sai ya jawo masoyan cikin aikin. A 2005 ya saki sassan waƙar "The Hand That Feeds" daban-daban, murya gefe, ganga gefe, don kowa ya sake haɗa ta a kwamfutarsa. A 2007 ya wuce nan. Kafin fitowar Year Zero, wani ya tsinci filashi a banɗakin zauren wasa a Lisbon ta Fotugal, ɗauke da waƙar da ba a saki ba. Wasu haruffa a jikin rigar ƙungiyar suka kai mutane wani shafin intanet, shafin ya kai su wani, har aka gano cewa labari ne guda da aka warwatsa, na wata Amurka ta shekarar 2022 da ta faɗa hannun mulkin danniya. Dubban masoya suka haɗa kai suna warware shi dare da rana. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta shiga aika wa masu yaɗa waƙoƙin takardun gargaɗi, alhali mai waƙar ne da kansa ya sa aka ajiye su. A Satumban shekarar, a wani wasa a Sydney, da ya ji har yanzu ba a rage tsadar faifansa a Ostiraliya ba, ya ce wa jama'a su sace shi kawai. Wata guda bayan haka ya sanar da rabuwarsa da kamfanin faifansa, Interscope.

A 2008 ya fitar da Ghosts I–IV da kansa, kiɗa 36 babu baki: tara na farko kyauta, duka a dala 5, sai wani bugu na musamman kwafi 2,500 a dala 300 kowanne, wanda ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Bayan wata biyu ya ba da The Slip kyauta baki ɗaya. Su ma Neubauten tun 2002 suka buɗe irin wannan ƙofa: masoya su biya kuɗi tun kafin a fara aiki, su kalli yadda ake naɗa ta intanet, su kuma faɗi ra'ayinsu.

Wannan kusanci yana da farashi. Wanda aka ba shi kayan haɗa waƙa, aka sa shi farautar filashi, aka ce masa shi da mawaƙi gefe guda suke a yaƙi da kamfanoni, to ya daina ganin kansa mai saye, ya fara ganin kansa mai hannun jari. A 2009 Reznor ya fice daga Twitter na wani lokaci saboda cin mutuncin da wasu ke yi game da matar da zai aura, Mariqueen Maandig. A 2011 shi da abokin aikinsa Atticus Ross suka ci lambar Oscar da kiɗan fim ɗin The Social Network, aka gan shi cikin kwat a gaban manyan Hollywood. Don haka kafin 2013 itacen ya riga ya bushe, "Everything" ashana ce kawai. Bayanin da ya yi game da Columbia mai sauƙi ne: yana so ya yi waƙa, wasu su ɗauki nauyin talla da rarrabawa. Kundin ya shiga a matsayi na uku, kuma da mutane suka ji shi gaba ɗaya sai aka ga waƙar da aka yi ta hayaniya a kanta ita kaɗai ce mai irin wannan launi.

Ba na cewa masoya ba su da ikon kushe. Akwai kundin da ba shi da kyau kuma shekara ashirin ba za ta gyara shi ba. Amma tarihin wannan kiɗa ya nuna hukuncin makon farko ba abin dogaro ba ne, don a makon farko ba sabon kundin ake saurare ba, tsohon ake nema a cikinsa. Kuma akwai tufka da warwara a ce kiɗan da aka haifa don ya ɓata wa mai saurare lissafi, a riƙa tuhumarsa da ɓata wa mai saurare lissafi.

Shi kansa Jourgensen bai tsira daga wannan juyi ba. Waƙoƙin With Sympathy da ya yi shekara arba'in yana gudu, sabon zubin matasa sun tono su sun so su. A watan Mayun 2024 ya hau dandamali a bikin Cruel World a Pasadena ya rera su, a 2025 kuma Ministry ta sake naɗar wasu daga cikinsu ta fitar a kundin The Squirrely Years Revisited.