Yadda Ƙololuwar Benen Woolworth Ta Zama Gidan Kwana

Benen Woolworth yana lamba 233 a titin Broadway, can kudancin tsibirin Manhattan, daura da lambun da ke gaban ofishin magajin garin New York. Wanda ya gina shi, Frank W. Woolworth, da kayan arha ya yi arziki. Kantunansa kayan santi 5 da santi 10 suke sayarwa, kuma daga wannan ciniki na ƙananan kuɗi ya fitar da dala miliyan 13.5 lakadan ya biya kuɗin ginin, bai ci bashin banki ba. Cass Gilbert ne ya zana shi da fasalin manyan majami'un Turai, aka lulluɓe jikinsa da gasasshen yumɓu mai zayyana, aka yi masa rufin tagulla mai tsini. Ranar 24 ga Afrilu, 1913, Shugaba Woodrow Wilson ya danna maɓalli daga Washington, fitilun benen suka kama. Da tsayinsa na mita 241, babu benen da ya kai shi a duniya har zuwa 1930. A zauren shiga akwai ɗan sassaƙen Woolworth yana ƙirga sulallansa, da na Gilbert rungume da samfurin ginin.

Don ofisoshi aka yi shi, kuma a wancan zamani hakan ba abin mamaki ba ne. Kafin lif ya wadata, masu hali hawa na ƙasa suke so, tunda babu mai kuɗin da zai yarda ya riƙa haki a matakala. Saman gini wurin barori ne da tankin ruwa da igiyar shanya. Lif da ƙarafan gini ne suka juya lamarin: sama ta zama inda iska da haske suke, nesa da hayaƙi da hayaniyar titi. A 1925 attajira Marjorie Merriweather Post ta amince a rushe gidanta na titin Fifth Avenue a gina dogon bene, bisa sharaɗin a yi mata masauki mai hawa 3 da ɗakuna 54 a ƙololuwarsa. Daga nan zaman ƙololuwa ya zama abin alfahari a birnin. Ƙololuwar Woolworth kuwa ta jama'a ce a lokacin. Mutum ya biya kuɗi kaɗan, ya hau ya kalli gari da tashar jiragen ruwa, har 1941 da aka rufe wurin saboda Yaƙin Duniya na Biyu.

Unguwar da ke yamma da arewacin benen ma ba ta masu hannu da shuni ba ce. Sitoci ne da masaƙu da dilolin ƙwai, man shanu da kayan gwari, kewaye da kasuwar Washington. A shekarun 1960 aka tashi kasuwar zuwa Hunts Point a yankin Bronx, sitocin suka zama kango. Masu zane da sassaƙa suka shigo neman haya mai sauƙi da ɗakuna masu faɗi, suna kwana a inda doka ba ta yarda a kwana ba, har jihar New York ta yi dokar da ta kare irin wannan zama a 1982. A wannan tsakani ne sunan Tribeca ya kama unguwar. Inda matalautan masu zane suka share, nan masu kuɗi suka shimfiɗa tabarma. A 1995 hukuma ta fara sassauta haraji ga duk wanda ya mai da tsohon ofis gidan zama a kudancin Manhattan. Harin 11 ga Satumba, 2001, da ya auku 'yan tituna kaɗan daga benen, ya kori kamfanoni da dama, sai aka ƙara karkata ga jawo mazauna.

Shi kansa benen ya sauya hannu. Kamfanin Woolworth ya rufe kantunansa na arha a Amurka a 1997, ya sayar da ginin ga kamfanin Witkoff a 1998. A 2012 kamfanin Alchemy Properties ya sayi hawa 30 na sama a kan dala miliyan 68, ya ɗauko Thierry Despont, Bafaranshe mai tsara cikin gida, aka yanka wurin zuwa gidaje sama da 30. Hawa na ƙasa suka ci gaba da zama ofisoshi, aka buɗe wa mazauna ƙofarsu daban ta titin Park Place, aka kuma farfaɗo da tsohon wurin ninƙaya da ke ƙarƙashin ƙasa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Tun 1966 gwamnatin Amurka ta sa benen cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, birnin New York ya bi sahu a 1983, saboda haka ko taga ba a faɗaɗawa sai da izinin hukumar adana gine-gine. Wahalar ta fi yawa a cikin rufin tagullar, inda aka ware masauki guda mai hawa da yawa, aka sa masa suna Pinnacle. Wuri ne da aka yi domin injuna da matakala, yana tsukewa yayin da ake hawa, haske kuma bai wadace shi ba, sai da aka nemi izinin ƙara tagogi. Tarihin da ya ba wa masaukin daraja shi ne kuma ya ɗaure hannun maginan, domin sababbin dogayen benayen gilashi da ke kusa da lambun Central Park suna ba mai saye bango na gilashi daga ƙasa har sama, abin da ginin 1913 ba zai taɓa bayarwa ba.

Kasuwa ta nuna hakan a fili. A 2017 aka sa wa Pinnacle farashin dala miliyan 110, a 2019 aka rage zuwa miliyan 79, alhali fanko ne, mai saye zai yi aikin ciki da aljihunsa. A 2023 aka sayar da shi a kan kimanin dala miliyan 30, ƙasa da sulusin kuɗin da aka fara nema.