Likitan da Ya Mai da Asibiti Makaranta

A shekarar 1945, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, birnin Budafest na ƙasar Hangari ya koma kufai, har gadojin da ke kan kogin Danube duk an karya su. A cikin wannan hali ne wani likita mai suna Andras Peto, wanda ya haura shekara hamsin, ya soma aiki da yaran da ba sa iya zama ko tsayuwa ko tafiya saboda raunin da ƙwaƙwalwarsu ta samu kafin haihuwa, ko lokacinta, ko jim kaɗan bayanta. An haife shi a 1893 a garin Szombathely, ya yi karatun likitanci a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya koma gida a 1938.

Larurar ba baƙuwa ba ce ga likitoci. Tun a 1861 wani likitan ƙashi na Landan, William Little, ya bayyana alamominta, ya kuma danganta ta da wahalar naƙuda da haihuwar bakwaini. Sai dai abin da aka gada daga wancan zamani shi ne cewa raunin ƙwaƙwalwa ba ya warkewa, saboda haka sai a koma kan gaɓoɓi da tausa, da takalmin ƙarfe, da tiyatar jijiya. Yaro yana kwance, wasu suna yi masa aiki.

Peto ya yarda cewa raunin ba ya warkewa, amma ya ɗauki abin da ke biyo bayansa a matsayin matsalar koyo. A ganinsa, yaron da bai iya riƙe cokali ba ɗalibi ne da bai gano hanyar da jikinsa zai bi ya riƙe ba, kuma ana iya koya masa ita. A kan wannan tunani ya gina tsarinsa gaba ɗaya.

Yara suna zaune tare rukuni-rukuni, kuma yinin nan duka darasi ne, tun daga tashi daga barci zuwa sa tufafi, cin abinci da zuwa banɗaki. Kayan aikin na katako ne masu sauƙi: gado mai sanduna jere da yaro zai kama ya juya jikinsa, da kujera mai baya kamar tsani da zai riƙe ya miƙe, ya tura ta gaba yana takawa. Kafin kowane motsi yaran sukan faɗi abin da za su yi da babbar murya, sannan su yi shi suna ƙirga ɗaya zuwa biyar ko suna waƙa, domin magana da kari su ja gaɓa zuwa inda niyya ta nufa. Maimakon malami daban, ma'aikaciyar jinya daban, mai gashin ƙashi daban, mutum ɗaya aka horar ya haɗa ayyukan. Da harshen Hangari ana kiransa konduktor, wato jagora. Da irin wannan tsari aka riƙa aiki da manya masu shanyewar ɓarin jiki da masu cutar Parkinson.

Akwai dalilin da ya sa aka matsa wa tafiya lamba haka. A Hangari ta wancan lokaci, yaron da ba ya tafiya da ƙafarsa da wuya ya samu shiga makaranta tare da sauran yara. Kowane taku ɗaya yana kusantar da shi ne ga ƙofar aji.

A 1950 gwamnati ta buɗe wa Peto cibiya ta ƙasa. A 1963 aka cire ta daga hannun hukumomin lafiya aka miƙa wa na ilimi, aka kuma soma horar da jagorori a hukumance. Ya rasu a 1967 bai bar wani cikakken littafi kan tsarin ba, sai ɗalibarsa, likita Maria Hari, ta ɗora daga inda ya tsaya.

Shekaru da dama aikin yana can ɓangaren ƙasashen kwaminis, 'yan ƙalilan ne a Yamma suka san da shi. A 1986 tashar BBC ta nuna wani shiri kan wani yaro ɗan Ingila da iyayensa suka kai Budafest. Nan da nan ɗaruruwan iyalai daga Birtaniya suka kama hanya, wasu da kuɗin da aka tara musu na gudummawa, jaridu kuma suka riƙa ba da labarin kamar na mu'ujiza. Aka kafa gidauniya a Birmingham domin dasa tsarin a Ingila.

A 1993 rahoton wani bincike da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ya fito. Ya kwatanta yaran Birmingham da takwarorinsu na makarantun masu larura, bai kuma ga shaidar cewa sun fi su ci gaba ba. Masu suka sun ƙara da cewa cibiyar Budafest tana tantance yaran da take ɗauka, don haka alƙalumanta na nasara ba su shafi kowane yaro ba. Magoya baya suka ce yaran da aka gwada kaɗan ne, tsarin kuma bai gama kafuwa a Ingila ba. Har yau nazarce-nazarce ba su tabbatar da fifikonsa a kan sauran hanyoyi ba.

Duk da haka cibiyar tana nan, kuma tun 2017 ta zama tsangaya a Jami'ar Semmelweis da ke Budafest. Ilimin zamani ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana sake tsara hanyoyinta idan mutum ya yi ta maimaita aiki da kansa, shi ya sa masu gashin ƙashi a yau suke zaɓar buri guda tare da iyali, kamar zama a kujera ko kai loma baki, su bar yaron ya yi ta gwadawa. Sun iso nan ta hanyoyi daban-daban, amma Peto yana cikin waɗanda suka riga su. Alkawarin warkewa masu ba da labari ne suka ɗora wa aikinsa. Abin da shi ya nace a kai ya fi haka sauƙi, ya kuma fi daɗewa: a daina yi wa yaro motsi, a koya masa ya yi da kansa.