Saɓanin Zomo da Shinkafa a Ƙasar Gezawa

A ƙasar Gezawa zomo da shinkafa sun daɗe suna saɓani. Zamanin da zomon daji yake kwana a gindin sabara, shinkafa sai ranar salla ko gidan masu sarauta. Da ta cika kasuwa har ana auna ta a kowane lungu, sai aka waiwaya ba sabarar, ba zomon. Dafa-dukan zomon da samari suke ɗorawa yanzu a bayan gari, a kan duwatsu uku, wasu na ɗaukarsa gadon kaka da kakanni. Ni kuwa na girme shi.

Mu mutanen gero da dawa ne, da wake da gyaɗa a tsakanin kunya. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwan da shinkafa take so, kuma tun kafin a haife ni gonaki sun haɗe, iyaka sai jerin gamba ko aduruku. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi rubutu tun shekarun 1960 kan wannan karkara da ta kewaye birni, yadda jakai suke kai itace Kano su komo da taki, gona kuma ba ta hutu. Daga baya har ƙauyen Tumbau na nan wajenmu masu bincike suka zauna suna auna taki da amfani. Abin da ya ƙara cinye ragowar daji shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Nguru da ya ratsa Jogana ya kammala a 1930, kowa ya sare saurarsa ya zuba gyaɗa don haraji da kuɗin aure. Zomo sai ya koma burtali da kufai da 'yan fegin da aka bar wa dabbobi.

Nan muka same shi muna yara. Farauta aikin rani ce, bayan an ɗaure dawa an jingine kara. Da sassafe cikin hunturu za ka ji gangi, karnuka na ta zillo, kowa da gorarsa da kerensa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ke gaba a unguwarmu. Zomon daji ba ya gina rami; lafewa yake a ƙasa ya kwantar da kunnuwa, launinsa ya saje da rairayi, har sai ka kusa taka shi sannan ya zabura. In ya tashi ba ya miƙewa, sai ya yanke hagu, ya yanke dama, kare ya wuce da gudunsa yana turɓaya. Kawu ba ya jifan inda zomo yake. Gabansa yake jifa, ƙasa-ƙasa, keren ya tafi yana juyi ya ɗebe masa ƙafafu. Ran da na ɗaga gora da wuri na tayar da wani tun daga nesa, cewa ya yi: "Kai ɗan nan, bari ya gama yarda ba ka gan shi ba." Masu cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu ba su yi ƙarya ba, amma sun manta da rigima, don sau da yawa mai kare da mai kere sai sun cakumi juna kan wanda ya fara taɓa shi, kafin manya su raba.

Ana kama shi ake yanka shi da bisimilla. Malamanmu ba su taɓa hana cinsa ba, tunda ya zo a hadisi cewa sahabbai sun kamo zomo, aka aika wa Annabi (SAW) da cinyoyinsa ya karɓa. Sai a feɗe, a hura wutar kara nan take, a gasa hanta da ƙoda a barbaɗa gishiri da garin ƙuli. Sauran a yi masa banda a kai gida, Inna ta jefa a miyar kuka. Ban taɓa ganin an ɗora tukunya a wajen farauta ba, balle shinkafa.

Ba don shinkafa baƙuwa ce a ƙasar Hausa ba. Jar shinkafar nan ta Afirka, wadda aka fara nomawa a fadamun Kwara cikin Mali ta yau, ta yi ɗaruruwan shekaru a fadamun Sakkwato da Kabi da Haɗeja. Amma kafin ta iso mana a bayan jaki ta yi tsadar da sai dai tuwon salla, ko in an yi baƙon kunya. Abubuwa sun juya ne cikin shekaru goma kacal. Farin 1972 zuwa 1974 ya zazzage rumbuna, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya noman da muke taƙama da shi, kuɗin man fetur kuma ya buɗe tashoshin ruwa. Gwamna Audu Bako ya gina dam ɗin Tiga, ruwansa ya mai da Kadawa da Kura ƙasar noman rani. Shinkafa fara tas daga Amurka da Tailan ta riƙa shigowa a buhu, har gwamnatin Shagari ta kafa kwamitin shinkafa ƙarƙashin Umaru Dikko. Mutane suka sa mata 'yar gwamnati, don a bambanta ta da 'yar Hausa mai tsakuwa, wadda sai an rege ta a ƙwarya. Babangida ya hana shigo da ita a 1985, Buhari ya rufe iyakoki a 2019, amma baki ya riga ya saba.

Waɗanda suka haɗa shinkafa da zomo, a iya abin da na gani, 'yan ci-rani ne. A gidajenmu madafi na mata ne, namiji mai iyali ba ya leƙa tukunya. Amma saurayin da ya yi rani a Legas ko Fatakwal, yana kwana a rumfa da tukunya ɗaya, dole ya koyi girkin da ba ya bukatar ta biyu. Sun dawo da wannan hannu, suka riƙa yi a gona ranar gayya ko a bayan gari da dare, inda ba wanda zai ce sun shiga hurumin mata. Zomon da suke sawa kuwa na gida ne. Wannan wata halitta ce daban: yana gina rami, yana haihuwar 'ya'ya tsirara ido a rufe, asalinsa kuma Sifen da Fotugal, Turawa ne suka yaɗa shi. Kiwonsa ya kankama wajenmu bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da naman shanu ya fi ƙarfin talaka, malaman gona suna ta kwaɗaitar da mutane, cibiyar binciken dabbobi ta Shika ma tana aiki a kansa. Yaro da akurkin langa-langa, da harawa da dusa, sai ya tara abin sayen takalmin salla. Namansa fari ne, yana nuna da wuri. Wanda ya ci na daji ba zai ce ɗaya suke ba.

Kwanan baya ɗan ƙanena ya miƙo mini waya. "Baffa, duba dafa-dukan Turawa." Mutanen Balensiya ne a gabashin Sifen, ƙasar da zomon akurkinmu ya fito, suna girka abin da suke kira paella. Musulmin Andalus ne suka kai musu noman shinkafa, har yau ana yin ta a gefen tafkin Albufera. Abincin manoma ne na tsakar rana, a fili, a kan itacen lemo. Suna sa zomo da kaza da wake, lokacin sanyi kuma su ƙara atishok, tohon furen wani tsiro mai ƙaya da ake cin cikinsa. Kaskon nasu faffaɗa ne mara zurfi, shinkafar ba ta wuce kaurin yatsa, kuma da an zuba ta ba mai ƙara juyawa. Ƙanzon da ya kama a ƙasa shi ne abin so. A 2021 hukumar yankin ta sa girkin cikin kayan tarihin da ake kiyayewa.

Namu tukunyar dalma ce mai zurfi, irin wadda maƙera suke zubawa da narkakken gwangwani, kuma wannan shi ya sa aikin ya bambanta. Ana soya zomon a man gyaɗa ko manja har ya yi ja, a zuba albasa da jajjagen attaruhu da tattasai, a marmasa daddawa, a tsai da ruwa. In ya tafasa a zuba shinkafa, a juya sau ɗaya a rufe. Daga nan sauran aikin na mai wuta ne. Karan dawa yana ci bal-bal ya mutu nan da nan, don haka da shi ake tayar da tafasa, sannan a janye a bar garwashin itace ya turara. Wanda ya ci gaba da tura kara zai sauke ƙasa baƙi, sama tsatstsama. A nan na fi yarda da dabarar mutanen Sifen, don kasko mai faɗi ya fi dacewa da wutar da iska take kaɗawa. Samarinmu dai sun gwammace su kare murhun da guntun langa-langa.

Itacen ma ba a tsintarsa yadda aka ga dama. A Gezawa kowace ɗorawa, kowane gawo, kowace darbejiya da mai ita, ko da a gonar wani ta tsaya, kuma har cikin rabon gado ana lissafa su. Shi ya sa in samari za su yi karo-karon girki, mai kawo zomo daban, mai shinkafa daban, wanda kuma mahaifinsa ya yi sassabe kwanan nan ba a karɓar ko sisi a hannunsa, itace kawai zai ɗauko.