Gurbin Majinyaci a Binciken Ƙididdigar Lafiya

An saba ɗaukar ƙididdigar lafiya a matsayin gonar masana lissafi, majinyaci kuwa nasa ya miƙa hannu a ɗibi jini, a mayar da shi lamba a takarda. Wannan maƙala tana ja da wannan fahimta. Kafin a taɓa na'urar lissafi, sai an yanke shawara biyu: me za a auna, kuma wane sauyi ne ya isa a kira shi sauƙi? Amsarsu tana bakin wanda ciwo ke jikinsa.

Tarihin binciken amosanin gaɓɓai ya isa hujja. Ƙungiyar masana ta OMERACT ta daɗe tana auna ingancin magani da yawan gaɓɓan da suka kumbura, da raɗaɗi, da gwajin jini. Da ta gayyaci majinyata taronta a 2002, sai suka nuna cewa muguwar gajiyar da ke hana su sakat ba ta cikin ma'aunan. A 2006 aka amince a riƙa auna ta. Lissafin masanan bai yi kuskure ba, tambayarsu ce ke da giɓi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka ne hukumar NIHR, wadda aka kafa a Ingila a 2006, ke neman mai son kuɗin bincike ya bayyana yadda zai dama da jama'a.

Masu suka na cewa ƙididdiga fanni ne mai sarƙaƙiya, kuma majinyata kaɗan ba sa wakiltar dubbai. Sukar tana da tushe, musamman idan 'yan boko kaɗai ake gayyata. Sai dai maganinta shi ne a faɗaɗa gayyata, a kuma yi bayani da harshen da mutane ke ji. Game da sarƙaƙiyar kuwa, dubi matsalar waɗanda suke daina zuwa asibiti ana tsakiyar bincike. Dole masani ya yi hasashen dalilinsu kafin ya cike gurbinsu a lissafi. Warkewa suka yi, ko jiki ne ya tsananta, ko kuɗin mota ne ya gagara? Kowace amsa tana iya karkatar da sakamako, kuma majinyata sun fi kowa sanin wadda ta fi kusa da gaskiya.

Mu a Arewa mun ɗanɗana kuɗar binciken da aka yi a kanmu ba tare da mu ba. Gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Idan amana ta karye, mutane kan rufe ƙofa ko su ɓoye gaskiya, alƙaluma su gurɓace tun daga tushe.

Saboda haka, duk binciken da za a tsara kan sikila ko mutuwar mata wajen haihuwa, a ba masu ciwon da masu jinyarsu kujera tun ranar da ake rubuta tambayoyi, a biya su ladan lokacinsu, sannan a koma unguwarsu a karanta musu abin da aka gano.